Dan Allah ya ake roƙon abu da Turanci ba tare da an ga kamar oda kake bayarwa ba?

Sadiq_M ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu Turancin cikinmu ku taimaka min, wani abu ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya na kasa cire shi. Wata huɗu kenan ina wani aiki ta intanet da wasu mutane, yawancinsu Turawa ne, komai a rubuce muke yi sai mitin na bidiyo sau ɗaya a sati. To ranar Litinin ina buƙatar wani fayil daga wajen wata abokiyar aikinmu, ba ta turo ba kuma lokaci yana ƙure min, sai na rubuta mata "Please send me the file today, I want to finish my work." Wallahi ni a zuciyata na yi ladabi iya ladabi tunda ga "please" nan na sa a farko, ai shi ne dan Allah ɗinsu ko ba haka ba? Ta turo fayil ɗin ba ta ce min ƙala ba, ko 'yar gaisuwar da ta saba yi babu.

Washegari shugabar sashenmu ta neme ni mu biyu, cikin mutunci dai ta yi min maganar, ta ce saƙonnina suna fitowa kamar ina ba mutane umarni, kuma wai ba wannan ne na farko ba. Abin ya yi min ciwo sosai don ni ba a yi min tarbiyyar raina mutane ba, ko yaro ƙarami zan aika sai na ce masa dan Allah. Na koma na karanta tsofaffin saƙonnina ɗaya bayan ɗaya, nahawun daidai yake a iya ganina, ban ga zagi ba ban ga gatse ba. To ina matsalar take?

Sannan akwai na biyu, a mitin ɗin makon jiya wani ya ce min "Would you mind sharing your screen?" na ce "Yes" da sauri ina nufin eh zan yi, sai na ga ya ɗan yi jim yana kallona kafin ya ga na fara nuna allon. Shi ma ban gane me ya faru ba. Wanda ya sani ya warware min dalla-dalla, ba na son in rasa aikin nan a kan abin da ban ma san ina yi ba.

Ummu_Khairat ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Kwantar da hankalinka, ba halinka ne ke da matsala ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, na daɗe ina koyar da Turanci kuma kusan duk ɗalibin da ya taso da Hausa a baki sai ya yi tuntuɓe a daidai wurin nan.

Ka duba yadda mu muke yi. Kafin ka roƙi mutum abu ka gaishe shi, ka tambayi lafiya da gajiya da iyali, ka kira shi Malam ko Yaya ko Hajiya, in babba ne ka ce "ku" maimakon "kai", ka sa dan Allah, ka kuma rage wa abin nauyi da "ɗan", ka ce "dan Allah ɗan miƙo min". Duk ladabin yana kewaye da maganar ne, ita kanta jimlar umarni ce, miƙo min, turo min, amma ba wanda zai ji haushi saboda an riga an lulluɓe ta. To Turanci ba shi da yawancin waɗannan kayan aikin. Ba su da "ku" na girmamawa, da sarki da jariri duk "you" ne. A da can suna da "thou" na mutum ɗaya da "you" na jam'i da girmamawa, amma tun wajen ƙarni na 17 "thou" ya fita daga maganar yau da kullum ta yawancinsu, "you" ya cinye komai. Gaisuwarsu kuma gajeriya ce. Saboda haka sai ladabin nasu ya koma cikin ƙirar jimlar kanta, wato su ba sa cewa yi min kaza, tambaya suke yi, za ka iya yi min kaza? Ko da kuwa sun san dole ne ka yi.

Shi ya sa "Please send me the file today" bai yi maka aikin da kake zato ba. "Send me" umarni ne, ka sa masa "please" ya zama umarni mai ɗan sauƙi amma yana nan a umarninsa, irin wanda oga ke ba na ƙasa da shi ko wanda ake rubutawa a jikin ƙofa. Kai kuma da ita matsayinku ɗaya. Sai ka ƙara da "I want", wanda a kunnensu yana da kaushi, yara ƙanana ake yi wa faɗa a kansa a ce su daina cewa "I want" su ce "I'd like" ko "Can I have". Da cewa ka yi "Hi, could you send me the file today, please? I need it to finish my part. Thanks!" da ba wanda zai ɗaga ido. Buƙata ɗaya ce, rana ɗaya ce, amma ka bar mata ƙofa a buɗe ta ce eh ko ta ce tana da uzuri.

Akwai wasu masana harshe biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, da suka yi fitaccen aiki a kan ladabin magana, ya fito a littafi a 1987. Abin da suka ce a taƙaice shi ne duk roƙo yana ɗan taɓa mutuncin wanda aka roƙa saboda kana shiga lokacinsa da 'yancinsa, don haka kowane harshe yana da dabarar rage wannan nauyin. Kuma suka ce yawan lallashin da za ka yi ya danganta da abu uku: nisan da ke tsakaninku, wa ke sama da wani, da kuma girman abin da kake nema. Ni wannan ukun nake ba ɗalibaina su riƙe, ya fi haddace jimloli ɗari amfani.

In abokinka ne kuma abin ƙarami ne, "Can you pass me that pen?" ya wadatar. In ba ku saba ba ko a wurin aiki ne, "Could you...?" shi ne dokin da ba ya kayar da mai shi, in ka rasa me za ka ce ka kama shi. In abin yana da nauyi, kamar kana so wani ya karɓi aikinka na kwana biyu, sai ka ƙara nisa: "Could you possibly...?" ko "I was wondering if you could cover for me on Friday." Ka lura da wani abu mai ban sha'awa a nan, "could" da "would" da "was wondering" duk siffar lokacin da ya wuce ce, alhali yanzu kake roƙon. Ba kuskure ba ne, da gangan suke ja da baya a lokaci don kada su tsaya wa mutum a ka, kamar yadda za ka ɗan rusuna ka tsaya nesa kaɗan in za ka yi wa babba magana. Mu ma ai muna da irinsa in ka lura, "da ma cewa na yi ko za ka ɗan taimaka min", ka ga wannan "da ma" ɗin da "ko" ɗin aikin da suke yi kenan.

In izini kake nema kai ka yi abu, to "Can I", "Could I", ko "May I" wanda ya fi su duka tsari, irin na gaban manya ko intabiyu.

abbakar_99 ya rubuta:

slm. Malama ta gama magana wlh, Allah ya kara basira. ni dai bari in dauki na biyun tunda shi ya taba cina a intabiyu. matsalar kalmar "mind" ce dan uwa, ma'anarta damuwa, wato in mutum yace "Would you mind sharing your screen?" abinda yake tambaya shine zai dame ka in ka nuna allonka? to kaga in kace "Yes" kace masa eh zai dameni kenan, shi yasa yayi jim yana jira yaga ko da gaske kin yi zakayi. amsar yarda itace "No, not at all" ko "Not at all" kawai ko "Of course not". nasan abin yana juya kai, kana so kace eh amma bakinka sai yace a'a, ni sai da na dinga fassara shi a raina da "ba damuwa" sannan ya zauna min, don mu ma in akace zaka damu in na zauna anan ai a'a ba komai zakace.

amma gsky su kansu turawan basa bin dokar kullum, zakaji ance "Would you mind...?" mutum yace "Sure" ko "Sure, no problem" kuma kowa ya gane ya yarda. abinda dai zaka gujewa shine "Yes" tsurarsa ba komai a bayansa. in ka rikice kace "Sure, one second" ka fara yin abin, shikenan.

sannan ka kula da abinda ke biyo bayan mind din, aikatau mai -ing ne, "Would you mind waiting", ba "would you mind to wait" ba, wannan kuskuren ina jinsa sosai har a bakin masu digiri. in kuma kai ne zakayi abin sai kace "Do you mind if I open the window?" ko "Would you mind if I opened the window?" na biyun da opened, shi yafi taushi. amsar yarda anan "No, go ahead".

Sadiq_M ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malama na gode ƙwarai, Abbakar na gode ɗan'uwa. Wallahi yanzu na koma kan saƙonnin nan da sabon ido, kusan kowanne da "Please do", "Please check", "I want you to" ya fara, har wanda na tura wa ita shugabar tamu. Yanzu na ga abin da suke gani.

To saura ɗaya dan Allah. In ni aka roƙa kuma ba zan iya ba fa? Don akwai ranar da wani ya ce in duba masa wani rahoto ina tsakiyar nawa aikin, na ce masa "No, I am busy", gaskiya na faɗa amma yanzu jikina yana ba ni shi ma bai yi daɗi ba. Kuma wani abokina ya ce min in dinga sa "kindly" a komai wai ta fi "please" girma, haka ne?

Baban_Hanif ya rubuta:

Sadiq ƙanena, sannu da ƙoƙari, tambayar da ka yi ita ce alamar za ka gyara. Na shekara da shekaru ina rubuta wasiƙun ofis da Turanci, bari in ba ka abin da na gani.

Maganar "kindly" tukuna, ka yi hattara da ita. A Turancin Najeriya da na Indiya da wasu ƙasashe kalma ce ta girmamawa kuma ba laifi ba ne, in da su kake aiki ka sa abarka. Amma a kunnen mutumin Ingila ko Amurka tana da wani irin sanyi na takardar hukuma, wani lokacin ma tana nuna mai maganar ya fara ƙulewa, kamar a ce "Kindly leave the room", ka ga wannan kora ce aka sa mata riga. Kuma ko ka sa ta jimlar tana nan a umarni, ciwon da Malama ta nuna maka bai warke ba. Haka "Will you...?" in ka matsa murya a kai faɗa ne, ita uwa ke ce wa yaro "Will you sit down!" Ko "please" ɗin ma in ka ja ta ka danna, "Would you PLEASE stop", ai ka san ba roƙo ba ne. Don haka a mitin ka kula da muryarka, ta ɗan tashi sama a ƙarshe kamar mai tambaya da gaske, kada ta faɗo ƙasa kamar guduma.

Sai ƙin yarda. "No, I am busy" gaskiya ce amma ƙofa ka rufe masa a fuska. Su yadda suke yi kusan kullum kashi uku ne a jimla ɗaya, ka nuna ba ka ji daɗin ƙin ba, ka ba da ɗan dalili, in da hali ka miƙa wata mafita. "I'm sorry, I can't right now, I'm on a deadline. Could it wait until tomorrow morning?" Ko "I'm afraid I can't today". Wannan "afraid" ɗin ba tsoro ba ne ko kaɗan, kamar ka ce "sai dai ka yi haƙuri" ne. In gayyata ce ko abin da da ka so yi, "I'd love to, but..." ko "I wish I could, but...". Ka lura kalmar "no" ɗin ma sau da yawa ba ta fitowa sam, amma kowa ya fahimci an ƙi.

Wani abu da ya taɓa sa ni cikin rikici: mu in aka yi mana tayin abu muka ce "na gode" da wata irin murya, an san mun ƙi kenan cikin kunya. Wani baƙo ya taɓa ce min "Shall I print a copy for you?" na ce "Thank you" ina nufin a'a ya bar shi, kafin in ankara bawan Allah ya tashi ya je ya bugo shafi kusan arba'in ya kawo min har tebur, ni kuma ina da kwafin a jaka. A wurinsu "Thank you" kaɗai karɓa ce. In za ka ƙi sai ka ce "No, thank you" ko "I'm fine, thanks", in za ka karɓa "Yes, please".

Amma ina da ɗan saɓani da masu cewa kullum a ƙara tsawon jimla. Na ga yara sun koyi "I was wondering if you could possibly" sun ɗora ta a kan komai, har aron biro. Wannan ma kuskure ne, in ka yi wa abokin da kuke tare kullum irin wannan doguwar shimfiɗa a kan ƙaramin abu zai ɗauka ko fushi kake da shi ko kana yi masa shaguɓe. Kuma a imel na aiki mutane suna son su gane me kake so da yaushe kake so a layi biyu na farko. Kada tsoron kaushi ya sa ka ɓoye ranar da kake buƙatar abu, "Could you send it by 3 pm on Thursday?" ya fi musu daɗi a kan ka yi ta kewaye-kewaye ba su san ko gaggawa ba ce. In kuma wuta ta tashi ko mota za ta buge mutum ba wanda ke cewa "would you mind", "Move!" ake cewa kuma ba wanda zai kira shi rashin kunya.

Ummu_Khairat ta rubuta:

Gaskiya ne Baban Hanif, na yarda da gyaran nan ɗari bisa ɗari, awo ake yi ba tulawa ba.

Malam Sadiq bari in ƙara maka wasu ƙananan ramuka tunda ka buɗe maganar amsawa. In aka ce maka "Could you help me with this?" kada ka ce "Yes, I could", sai ya zama kamar ka ce eh zan iya amma ban ce zan yi ba. Ba iyawarka ake tambaya ba. Wani masanin falsafar harshe ɗan Amurka, John Searle, ya yi bayanin wannan tun 1975 da misalin mai cewa "Can you pass the salt?", siffar tambaya ce amma aikinta roƙo, wanda ya amsa da "Yes" ya ci gaba da zamansa bai fahimci maganar ba. Amsa ita ce "Sure", "Of course", "No problem", ko "Certainly" in wurin na manya ne, in kuma abu kake miƙawa ka ce "Here you are". Haka in aka nemi izininka da "Could I use your charger?" amsar "Yes, of course" ce ko "Yes, you can", ba "you could" ba.

Sai aro. Mu kalma ɗaya muke juyawa, na ara, ara min, shi ya sa muke cewa "borrow me your pen". Su biyu ne da su, mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Ko dai "Could I borrow your pen?" ko "Could you lend me your pen?". Kuma "help me with your pen" da muke ji a bakin mutane, Bature zai ɗauka wani aiki kake so ya taya ka da biron.

In tambaya ka saka a cikin roƙo, jerin kalmomin yana komawa na zance: "Could you tell me where the meeting is?", ba "where is the meeting" ba. A wasiƙa mai tsari kuma "I would be grateful if you could..." ko "I would appreciate it if you could...", kada ka manta da "it" ɗin nan na tsakiya, ana yawan yar da shi. In ba ka ji abin da aka faɗa ba a mitin kada ka ce "What?", ka ce "Sorry?" ko "Sorry, could you say that again?"

Ita kuma abokiyar aikin taka, shawarata kada ka rubuta mata doguwar wasiƙar ban haƙuri, zai yi mata nauyi. Layi biyu ya isa.

Sadiq_M ya rubuta:

Na yi yadda kika ce Malama. Da safen nan na rubuta mata "Hi, thanks for sending the file on Monday. Sorry if my message sounded abrupt, I was rushing. Could you have a quick look at page 4 when you have a moment?" Ko minti goma ba a yi ba ta amso da "No worries at all, happy to!" har da gaisuwarta ta da ta dawo. Wallahi sai da na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Na rubuta "could you" da "not at all" da "I'm afraid I can't" a 'yar takarda na manna a gefen kwamfuta saboda mitin ɗin jibi.

Baban Hanif dan Allah in ka sake leƙowa, akwai imel da nake son tura wa shugabar tamu na neman hutun kwana uku a wata mai zuwa, "May I" ya kamata in fara da shi ko "I was wondering if I could"? Mun ɗan saba da ita amma ba can ba.